A Gafara, Ruwan Zafi

Ana gab da kiran magariba Arzika ya fito daga gidan burodin Dalhatu da kwali a kafaɗa, burodin yana ɗumama masa wuya. Shayi yake sayarwa a wata kwana ta unguwarsu a Gusau, gindin wata tsohuwar darbejiya, shekara goma sha ɗaya ke nan tun da ya baro Kucheri. Tebur ɗaya, benci biyu, sai ƙatuwar butar da ba ta sauka daga kan gawayi.

Akwai abin da duk unguwar ta san shi da shi. Kullum da yamma yakan zubar da ragowar ruwan butar a bayan bishiyar ya ɗora sabo. Amma ba ya zubawa sai ya tsaya ya yi bismilla, ya ɗaga murya ya ce, "A gafara, ruwan zafi!" Sannan ya ɗan jira. Haka innarsa ta koya masa, ta ce ƙasar nan ba tamu ba ce mu kaɗai, waɗanda ba ma gani su ma suna da 'ya'ya. 'Yan kabu-kabun da ke zama a bencinsa kuwa sun samu abin tsokana.

"Arzika, yau sun amsa kuwa?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Ku dai ku sha shayinku."

To, ran nan yana sauke kwalin wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce Asiya.

"Baban Hajara, ka zo! Yarinyar ga jijjiga take yi, idanunta sun juye!"

Hajara ita kaɗai Allah ya ba su, bayan shekara takwas ana jira. Arzika bai san lokacin da ya sunkuci butar ba. Tafasa take, ba zai tafi ya bar ta a kan wuta ba. Ya zagaya bayan bishiyar ya kwarara ruwan gaba ɗaya. Ba bismilla, ba komai.

Ya ji wani ɗan ƙara, siriri, sau ɗaya tak. Ya ce a ransa kyanwa ce. Ya haye kabu-kabu.

Allah ya taimaka. A asibiti aka yi wa yarinya allura, aka ƙara mata ruwa, kafin azahar ɗin washegari an sallame su, har tana rigimar a ba ta kunu. Arzika ya koma bakin sana'arsa da la'asar sakaliya, zuciyarsa fes. Wallahi ko tunawa da ƙaran jiya bai yi ba.

Da aka kira magariba masu zama suka watse zuwa masallaci. Shi ma yana shirin rufe burodi ya bi bayansu, sai ya lura titin ya yi tsit. Injin niƙan da ke tsallake ya mutu. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan darbejiyar kowace yamma, ko ɗaya ba ya motsi.

Sai wani ƙarni ya bugi hancinsa, irin na kazar da aka tsoma a ruwan zafi za a fige.

Ya waiga. Wata mata na zaune a ƙarshen benci da goyo a bayanta, mayafinta ya rufe rabin fuska. Bai ji zuwanta ba.

"Sannu, baiwar Allah. Shayi za a haɗa?"

"Ruwan sanyi nike so."

Ya ɗebo mata a kofi. Ba ta sha ba. Ta kwance goyon a hankali ta ɗora a cinya, ta riƙa tsoma yatsunta a kofin tana ɗiga masa. Yatsun sun yi tsawo da yawa. Arzika ya leƙa.

Yaro ne ɗan ƙarami. Fatarsa ta saluɓe tun daga ka har ƙafa. Ba ya numfashi.

Arzika ya ja da baya, ya dafa tebur.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji ta, da murya ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba. "Kullum sai ka ce a gafara. In munka ji, mu kwashe ɗiyanmu. In ƙasa ta ɗan huce su dawo su kwanta cikin ɗumi. Duk garin ga, mai shayi, babu inda nike aje ɗana in juya baya sai gindin iccen ga. Don kai."

Ta ƙara ɗiga ruwan.

"Jiya ina can ina jiran muryarka."

Da ƙyar ya haɗa kalmomi. "Ɗiyata ce ba lafiya. Hankalina ne ya tashi. Don Allah, baiwar Allah..."

"Ta tashi?"

"Ta tashi."

"Nawa bai tashi ba."

Ta ɗauki yaron ta mayar baya, ta ɗaure zani, har da ɗan jijjiga shi kamar mai rarrashi. Allah sarki. Wannan jijjigar ta fi komai karya wa Arzika zuciya, tsoron ma ya biyo baya.

"Ina ne gidanka?" Sai kuma ta ce, "Bar shi. Na sani."

Ya ƙifta ido. Babu kowa a bencin.

Ruwan da ke cikin kofin yana tafasa.

Arzika ya zura da gudu.

Ya wuce masallaci liman na karanta Fatiha. Takalminsa ɗaya ya fice, bai tsaya ba. Ya sha kwana, ya faɗa lungunsu, ya ture keken wani. Ƙarnin nan yana gabansa duk inda ya bi.

Ya banka ƙofar zaure.

Asiya ta ɗora babbar tukunya a murhu, ruwan wankan Hajara, ta shiga ɗaki ɗauko zani. Yana jin motsinta a ciki. Hajara na zaune a tabarma dab da murhun tana wasa da murfin kwano.

Matar na tsaye a bayan tukunyar. Hannunta a kan bakin tukunyar, ba ko tsumma, cikin tururi.

Tana kallon yarinyar.

Ta daɗe tana kallonta.

Sannan ta ɗago ta dubi Arzika, mayafin ya zame. Bai iya tuna kamannin fuskar ba har yau. Hawayen kawai ya tuna.

"A gafara," ta ce, muryarta na karyewa. "Ruwan zafi."

Ta jira.

Numfashi ɗaya. Biyu.

Arzika ya yi tsalle ya kifa a kan 'yarsa.

Tukunyar ta kife.

Ihunsa ne ya fito da Asiya, ya kuma katse wa maƙwabta sallar nafila. Da aka ɗaga shi, Hajara na ƙarƙashinsa tana kuka, murfin kwanon na hannunta. Ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Wata biyu ya yi a asibiti yana kwanciya rub da ciki. Asiya ta ce dutsen murhu ne ya goce, kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Arzika bai musa ba. Bayansa ya warke, amma yatsun hannunsa na dama sun ƙanƙance, ba su ƙara riƙe buta ba. Wani Garba ya karɓi teburin ya matsa da shi gaba, don ya ce gindin darbejiyar nan sanyi gare shi ko da rana tsaka.

Dalhatu ya ba Arzika wurin zama a gidan burodi, yana sa burodi a leda da hannun hagu. Shi kaɗai Arzika ya gaya wa abin da ya gani. Hajara ta shiga makaranta bana, takan biyo ta karɓi guntun burodi mai zafi ta wuce gida.

Wata yamma da ta juya baya, Dalhatu ya tarar da shi ya kafa wa ƙofa ido, hawaye na zuba a kan ledojin.

"Arzika, ciwon ne ya motsa?"

Ya girgiza kai.

"To mi ne ne? Ba ga ɗiyarka nan da ranta ba? Ka gode wa Allah."

"Na gode mai." Ya share fuska da bayan hannun da ya lalace. "Amma ka duba, Dalhatu. Gawar ɗanta na goye a bayanta, ta tsaya ta faɗa, a gafara. Ni ban faɗa ba."