Ranar da Alkasum Ya Ƙwace Kwalba

Ramlatu na tankaɗe a tsakar gida tana share hawaye da gefen zane, don a safiyar nan mahaifinta Alkasum ya mayar da goron neman aurenta. Ba wai yaron na da aibu ba. Lawali yaro ne mai kunya, ajinsu ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, gidansu ma jingine yake da nasu a unguwar Birni. Laifinsa guda, ɗan Idirisu ne. Tun wata damina da indararon Idirisu ya zubar wa Alkasum katanga aka yi ka-ce-na-ce, maƙwabtan nan biyu suka daina ko gaisuwar masallaci.

"Inno, ni me na yi wa indararo?" in ji Ramlatu.

Uwar ta ce ta yi haƙuri, don ta san mijinta, in ya kafe sai Allah.

A lakwal kuwa, shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai, malaminsu Filibus, wanda suke kira mushe, na karanta musu wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila da aka juya zuwa Faransanci, labarin saurayi da budurwa daga gidaje biyu masu gaba. Tsigar jikin Ramlatu har tashi take yi. Yaya baturen da ya mutu tun zamanin kakannin kakanni ya san abin da ke ranta? Mushe ya nuna musu yadda marubucin ke haɗa so da ƙi a jimla guda, da yadda yake sa a hango mutuwa tun ana cikin dariya. Amma babbar dabararsa, in ji mushe, ita ce ya sanar da mai kallo abin da ɗan wasa bai sani ba, mai kallo ya zauna yana ƙuna, ba halin magana.

Da Lawali ya kawo shawarar su gudu Kano, ta ƙi. Ta ce ta ga inda gaggawa ta kai waɗancan biyun na cikin wasan, ita za ta jira iyaye.

'Yan ajin suka mayar da wasan Hausa don bikin rufe lakwal, Ramlatu ce budurwar, Lawali saurayin. Alkasum bai taɓa ganin wasan kwaikwayo ba. Ranar bikin ya zo ya zauna can gefe, Idirisu a ɗaya gefen. Da ya ga da wa aka haɗa 'yarsa ya so ya tashi, amma labarin ya riƙe shi. Yana kallo ta sha maganin barci, aka ɗauka ta mutu, aka lulluɓe ta da farin ƙyalle. Sai ga Lawali ya shigo yana kuka, ya ciro kwalbar guba. Alkasum ya duba dama, ya duba hagu, ya ga jama'a sun yi tsit, ba mai niyyar gaya wa yaron gaskiya. Tsoho ya yar da sandarsa ya haye dandali.

"Kai yaro, tsaya! Ba ta mutu ba, barci take. A gabana ta sha maganin."

Ya fizge kwalbar. Ba wanda ya yi dariya.

"Baba, ruwan tsamiya ne," in ji Lawali a hankali.

Ramlatu ta yaye ƙyalle ta tashi zaune. Alkasum ya daɗe yana dubanta kamar yau aka haife ta, sannan ya tambayi mushe yadda labarin ke ƙarewa in ba a tare yaron ba. Mushe ya ce dukansu biyu mutuwa suke yi, sannan iyayen su shirya a kan gawarwakinsu.

"A kan gawa?" Alkasum ya juya. Ashe Idirisu ma ya taso, ciwon ƙafa ne kawai ya hana shi riga Alkasum, ga hawaye a gemunsa. "Malam Idi, ni ba zan jira gawa ba. A dawo da goron nan."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Haƙurin Ramlatu ya kai ta inda gudu ba zai kai ta ba. Iyaye kuma su sani, gabar da suka riƙe, 'ya'yansu ne ke shan dafinta, kuma ba kullum ake samun mai ƙwace kwalba ba.