Jarka Biyu ta Ruwan Esi

Yana saman tsani, sukuddireba a bakinsa, ya fara ganinta. An kira shi ne ya duba esin falon wani tsohon hedimasta, don esin na zubar da ruwa yana ɓata bango. Ta shigo ba ta ko kalli inda yake ba, ta wuce kai tsaye wajen wani ɗan akwatin gilashi da ke kan tebur kusa da taga. Kifi ne guda ɗaya tak a ciki, bai fi ɗan yatsa ba, shuɗi mai ƙyalli, da wutsiya kamar an ɗinka masa rigar siliki ta yi masa yawa. Ta kai yatsa jikin gilashin, kifin ya taso ya baje fukafukai, ya kumbura kumatu kamar mai shirin faɗa. Ta yi dariya.

Sukuddireba ta suɓuce daga bakinsa ta daki tayil.

"Mai gyara, bango muka ce ka cece mana, ba ka fasa mana ƙasa ba," in ji ta.

Ɗan Sanyi ake ce masa a wurin aiki. Tun yana aji uku ya ajiye makaranta, don shi zama wuri ɗaya ciwo ne a wajensa. Ya taɓa walda, ya taɓa tuƙi, ya taɓa ɗinki na wata biyu, sai a gyaran esi ƙafarsa ta tsaya. Aikin da ya saba gamawa cikin minti arba'in, ranar sai da ya ci awa biyu.

Kafin ya naɗe igiyoyinsa ya san ita ce auta a gidan, kowa Auta yake kiranta, kuma tana aikin rajistar marasa lafiya a wani asibitin ido. Kifin irin wanda ake kira beta ne, ba ya zama da ɗan'uwansa sai su kashe juna. Sunansa Shuɗi. Mahaifiyarta ce ta saye shi lokacin da jinya ta hana ta fita, tana zama tana kallonsa. Wata biyar bayan nan ta rasu.

Auta ta yi ƙorafin wahalar ruwan famfo, sai an tara shi ya kwana, an ɗiga masa magani, kafin a zuba wa kifin. A nan ne bakin Ɗan Sanyi ya riga hankalinsa. Ba shi da digiri, ba shi da mota, amma yau ga abin da ya sani. Ya nuna mata tiyon da ke ɗiga a bayan esi, ya ce duk duniya babu ruwa mai tsabtar wannan, daga iska yake fitowa, ba sinadarin famfo a ciki, har a batirin mota suke zuba shi. Washegari ya dawo da jarka biyu cike, ya wanke su tas har da goge murfi.

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa: "Shuɗi ya ce a gode wa mai ruwa. Ni ma na gode. Ba a taɓa yi min kyautar ruwa ba."

Ya rubuta ya goge sau huɗu kafin ya tura: "In kina so, kogi ma sai na ɗauko miki, Autata. Jarka ce dai ba ta kai ba."

Daga nan aka buɗe hanya. Duk Asabar yana zuwa da jarka, su zauna a barandar gidan, ta tsokane shi cewa mutum mai sayar da sanyi amma kullum zufa yake yi in ya gan ta. Ya ce ai ita ce matsalar da babu injin da zai gyara.

Malam, mahaifinta, bai taɓa yi masa wulaƙanci ba. Yakan amsa gaisuwa ta saman tabarau, ya koma kan jaridarsa. Amma ya gaya wa 'yarsa ra'ayinsa a fili, ita kuma ta gaya wa Ɗan Sanyi tana murza gefen mayafinta. Malam ya ce shekara talatin yana koyarwa, ya san irin waɗannan yaran. Wanda ya gudu daga aji da zafi ya zo, zai gudu daga gida. Shi wanda yake so ta aura ɗan amininsa ne, mai kantin magani, mutum mai takardu da natsuwa, wanda ke zuwa ranar Lahadi da ƙamshin turare ya tattauna labaran duniya da Malam.

A sati na huɗu Shuɗi ya fara canzawa. Ya daina tasowa in an kai yatsa. Sai ya kwanta a ƙasan tankin gilashin, a bayan dutse, fukafukansa a manne da jiki kamar lemar da aka rufe. Launinsa ya dusashe. Abinci ya yi ta yawo a saman ruwa har ya nutse. Sai numfashi ya matsa masa yake tasowa da ƙyar, ya kurɓi iska, ya sake sulalewa ƙasa.

Auta ta ɗora wa kanta laifi. Ta ce ita ce ta cika masa abinci, ita ce ta shagala da waya ta daina kula da shi. Mai kantin magani ya kawo wata kwalba mai ruwan bula, ya ɗiga, ya yi dogon bayani da Turanci, ruwan tanki ya rine, kifi bai motsa ba.

Ɗan Sanyi ya ce bari shi ma ya yi wani abu. Ya je wajen wani dattijo mai sayar da kifin ado, a wani lungu da tankuna ke ta ɓulɓula. Dattijon ya yi ta jero tambayoyi, girman tanki, irin abinci, ɗumin ɗaki. Da aka zo kan ruwa, Ɗan Sanyi ya gyara tsayuwa ya ba da amsa da alfahari.

Dattijon ya ajiye ragar da ke hannunsa.

"Ɗana, kai da kake buɗe esi kullum, me ke cikinsa?"

"Bututun jan ƙarfe, Baba. Da ƙura."

"To ta kan su ruwan yake bi. Jan ƙarfe guba ne ga ɗan kifi. Kuma ruwan nan fanko ne, babu gishirin da jikinsa ke buƙata. Batir kake kiwo ko rai? Wane mara hankali ne ya ba da wannan shawara?"

Ɗan Sanyi ya ce wani ne.

Ya fito titi bai san inda ya ajiye babur ba. Shi da hannunsa ya wanke jarkokin. Shi ya ɗauko su a kafaɗa yana murmushi, sati huɗu, yana zuba wa abin da mahaifiyarta ta bar mata guba, ita kuma tana yi masa godiya. In ya faɗa, ya ba Malam hujjar da yake nema, jahili ya shigo gida da ƙaryar sani. Kuma Auta, da wane ido za ta sake kallonsa?

Sai ya zaɓi hanyar matsorata. Ranar Asabar bai je ba. Ya ce a ransa in ruwan ya ƙare dole ta koma na famfo, kifi ya warke, magana ta mutu. Ta kira sau uku, ya ce aiki ya yi yawa. A wurin aiki ya ɗaure bututu a karkace har maigidansa ya tambaye shi ko lafiya. Abinci ya daina yi masa daɗi. Duk esin da ya ga yana ɗiga, sai ya kawar da kai.

Ranar Laraba da hantsi, yana kan rufin wani shago, saƙonta ya shigo:

"Ɗan Sanyina, in maganar Baba ce ta kore ka, ka gaya min, zan fahimta. Kada ka damu da ruwa, na sa bokiti a ƙarƙashin tiyonmu yadda ka koya min. Yanzu kullum nake canza masa ko zai ji sauƙi. Yau ko tasowa bai yi ba. In ya mutu ban san yadda zan shiga falon nan ba."

Ya karanta sau biyu. Kullum. Shirun da ya yi don ya tsira, ashe ƙara wa kifin guba yake yi.

Ya tura mata: "Kada ki sake zuba ruwan nan ko ɗigo. Ina zuwa yanzu. Ki ce Baba ya jira ni."

Ya bar kayan aikinsa a kan rufin, ya biya ta wajen dattijon, sannan ya nufi gidan. Ya tarar da su a falo, Auta ta taso daga aiki idonta ja, Malam da jaridarsa a cinya. Bai zauna a kujera ba. Ya durƙusa kusa da ƙofa, rigar aiki duk maiƙo, ya faɗi komai. Ya faɗi yadda ya yi bugun ƙirji da abin da bai sani ba don kawai ya burge ta. Ya faɗi abin da dattijon ya ce. Abin da ya fi yi masa nauyi ya bari a ƙarshe.

"Kwana tara ke nan da na sani, Baba. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

Auta ta dube shi kamar ba ta gane shi ba.

"Kwana tara ina kuka ina cewa ni ce, kana ji?"

"Ina ji."

Ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Malam ya cire tabarau ya goge, ya ce masa abin da zai faɗa ya ƙare, yana iya tafiya. Ɗan Sanyi ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya gyara ɓarnar, ko da ba za a sake yi masa magana a gidan ba. Malam ya dubi tankin ya daɗe, sannan ya ce ƙarfe bakwai na safe ake buɗe ƙofa.

Dattijon ya gargaɗe shi kada ya juye ruwan gaba ɗaya, kifin zai firgita ya mutu. Sai dai kaɗan-kaɗan. Don haka kullum da safe yakan zo, ya zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da siririn tiyo, ya mayar da ruwan famfo da aka ɗiga wa magani, yana tsiyayawa a jikin gilashi a hankali. Ya sa ɗan hita da ma'aunin zafi, don beta kifin ruwa mai ɗumi ne. Ya janye tankin daga saitin iskar esi. Ya jefa busasshen ganyen da dattijon ya ba shi. Abinci ƙwaya biyu, in ba a ci ba ya kwashe. Sannan ya zauna minti ashirin yana kallo, shi da ko layin mai ba ya iya tsayawa.

Auta takan wuce shi ta tafi aiki ba ko sannu. Malam kuwa yana kujerarsa, jarida a buɗe, shafin ba ya juyawa. Mai kantin magani ya zo ranar Lahadi, ya ba da shawara a sayo wani kifin mai kama da shi a huta. Malam ya dube shi ta saman tabarau, kuma hirar labaran duniya ba ta yi tsawo ba ranar.

Kwana shida babu canji. A na bakwai Shuɗi ya ci ƙwaya ɗaya. A na goma sha biyu fukafukansa suka fara buɗewa. Rana ta goma sha takwas Ɗan Sanyi ya tarar da wata kumfa ta taru a kusurwar ruwan, ya zaci wata cutar ce. Auta da ke tsaye a bayansa, bai san ta fito ba, ta ce gida ne. Namijin beta in ya ji ƙarfin jikinsa yakan yi sheƙar kumfa. Ta kai yatsa jikin gilashin, kifin ya taso ya kumbura mata kumatu.

Da rana ta turo: "Kuskuren ruwa na yafe tun ranar. Kwana taran ne ya daɗe yana yi min ciwo. Kada ka sake bari in ɗauki laifinka a kaina. Ka ci abinci, ka rame."

Ya amsa: "Na yi alkawari, Autata. Ko kofi na fasa, ke za ki fara ji."

Malam ne ya kira shi da kansa bayan sati guda. Ya ce shekara talatin yana tambayar yara wa ya fasa taga, bai taɓa ganin wanda ya kawo kansa kafin a kama shi ba. Ya ce har yanzu yana ganin barin makaranta wauta ce, kuma ba zai daina faɗa ba. Sannan ya ce ya turo manyansa.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ranar da za a kwashe kayan amarya, Ɗan Sanyi ya zo da kwali da tsummoki don ɗaukar tankin. Malam ya ɗora hannu a kan murfin.

"'Yar na ba ka. Kifin ba inda za shi."

Auta ta ce masa ai kifin nata ne. Malam ya ce kafin ya zama nata na matarsa ne, kuma kullum in gida ya watse shi yake zama ya ba kifin labarin abin da ke cikin jarida. Ba wanda ya taɓa sanin haka. Auta ta rufe fuska da mayafi.

"Duk Asabar ku zo tare ku canza masa ruwa," in ji Malam, yana kallon surukinsa. "Ni hannuna rawa yake yi."

Ɗan Sanyi ya ajiye kwalin, ya durƙusa. Tsohon ya kama hannunsa ya haɗa da na 'yarsa, ya ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su haƙurin juna, ya sa in ɗaya ya yi kuskure ɗayan ya ji daga bakinsa. Suka ce amin.