Idon da Na Bari a Hanyar Roni

Da la'asar sakaliya matata Dela ta miƙo mini wani ƙulli a baƙar leda, ta ce in kai wa wata tsohuwa a wani ƙauye kan hanyar Roni. Haɗa turaren wuta ce sana'arta, ni kuma ɗan aike, tunda ni ke da babur.

"Malam, don Allah kada ka buɗe," in ji ta. "Wannan ba na ɗaki ba ne. Matar 'yar bori ce, da shi take kiran mutanenta."

Na ce to, ina dariya a ciki. Ni Sama'ilu, shekarata goma sha biyu ina gyaran rediyo da waya a Kazaure, ban taɓa kwance wani abu na tarar da aljani a ciki ba. Ko waya ta tsinke, ko batir ya mutu. Da ido nake cin abinci, kuma abin da idona bai gani ba ban cika yarda da shi ba.

Da ta koma ciki, sai na ɗauko akwatina na ɗaure a bayan babur.

Wata bakwai na yi ina haɗa akwatin nan, don sha'awa kawai. Na ciro ƙwayar hasken leza guda biyu daga matattun na'urorin DVD, na fasa madubin Dela na manna gutsattsarinsa a kan 'yan injinan da ke juya kaset, na jona da batirin babur. In madubin ya juya, sai jan haske ya zana zobe a bango, ko fure, ko tauraro mai rawa. Na san haɗarinsa sarai. Hasken yana huda leda, in kuwa ya shiga ido, to sai dai wani idon.

Ranar da na fara fito da shi a bikin ƙanena, Lauwali mai hayar lasifika ya zare mini waya a gaban jama'a, ya ture akwatin da ƙafa, ya ɗauki makirufo ya ce, "Jama'a, a tafa wa Injiniyan Gyare, ya kawo mana fitilar kamun gyare!" Aka yi ta dariya har da mata. Sunan ya bi ni har shago. Ba zan ɓoye ba, na tsani mutumin nan, na kwana da shi na tashi da shi wata uku.

Amma na san lagonsa. Lauwali da bakinsa kamar reza, matsoracin aljanu ne na ƙin ƙarawa. Kuma duk Laraba yakan dawo daga Roni daidai magariba, ta gindin wani baƙin dutse mai tsaga a tsakiya, inda hanya ta yi kwana. Ranar da Dela ta aike ni kuwa Laraba ce. Na shirya in zana masa jajayen idanu biyu a jikin dutsen, in ɗauki ihunsa a waya, gobe Kazaure ta samu sabon abin dariya. Ramuwar gayya ai ta fi gayya zafi.

Na isa wurin rana na shirin faɗuwa. An yi ruwa da hantsi, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi sun cika kwari da kuka. Na tura babur cikin gero, na kafa akwatin a bayan wata geza, na saita shi daidai tsagar dutsen.

Sai matsala ta taso. Hasken leza ba a ganin tafiyarsa a iska sai da hayaƙi, ni kuma so nake a ga kamar idanun wuta suke fesowa. Na tara kara da kashin shanu, duk a jiƙe. Ashana biyar ta tafi a banza. Da ƙyar na samu ɗan garwashi daga wani busasshen reshe, amma hayaƙin bai taka kara ya karya ba.

Idona ya faɗa kan baƙar ledar Dela.

Na ji maganarta a kunnena, na kuma buɗe. Na barbaɗa rabin ƙullin a garwashi, ko bisimilla ban yi ba. Hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, da wani ƙamshi mai nauyi da ban taɓa ji a gidana ba. Maimakon ya yi sama, sai ya kwanta a ƙasa ya nufi tsagar dutsen, alhali babu iska.

Na kunna akwatin don gwaji. Sanduna biyu na jan haske suka ratsa hayaƙin, zobba biyu suka buɗe a kan tsagar. Wallahi ya yi kyau, har na yi murmushi.

Sai wani abu ya yi ƙara a cikin dutsen. Siririyar ƙara, irin ta yarinyar da ta taka garwashi.

Kwaɗi suka yi tsit.

Na kashe makunni. Hasken bai mutu ba. Na fizge wayar batir, na riƙe ta a hannuna ina kallo, madubin na ci gaba da juyawa, ƙirrr, ƙirrr.

Warin babbaka ya danne ƙamshin turaren.

Na ji ƙarar awarwaro. Cas. Cas. Tsagar dutsen ba ta fi faɗin tafin hannu ba, amma ta nan matar ta fito. Doguwa ce har ta wuce misali, lulluɓe da baƙin saƙi. Tana janye da wata 'yar yarinya da ta rufe fuska da hannu biyu. Hayaƙi na fita ta tsakanin yatsun yarinyar.

Na ja da baya har na jingina da gezar. Na nemi Ayatul Kursiyyu a kaina, na rasa farkonta.

"Kai ka kira mu," in ji matar, a hankali, kamar mai gudun tada barci. "Mun ji turarenmu muka fito, yadda muka saba. Ita ta riga ni leƙowa, don yarinya ce."

"Baiwar Allah, ban sani ba," na ce. "Ba da ku nake ba."

"Ka kira baƙo, ka tare shi da wuta."

Ta janye hannuwan yarinyar. Inda idanu suke, ramuka biyu ne baƙi ƙirin, gefensu na ja kamar bakin murhu.

"Biyu ka ƙona. Ɗaya zan karɓa, tunda ba ka sani ba." Ta karkata kai wajen hanya. "Ga wanda ka zo dominsa nan tafe. Haska nasa ka ba ni, ko in ɗauki naka."

Daga nesa na ji ƙarar babur. Na san ƙarar, salansarsa a fashe take.

In na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya. Zuciyata ta ce, ga dama ta zo har gida. Na miƙa hannu. Na ɗaga akwatin, na juya shi wajen kwanar, daidai tsayin fuskar mai tuƙi. Jan hasken ya kwanta a gefen hanya yana jira. Taƙi ɗaya ya rage.

Fitilar babur ta ɓullo.

Ba shi kaɗai ba ne. A bayansa akwai Inna Fatu, mahaifiyarsa, ta ƙanƙame shi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙwarya. Tsohuwar da ta sha ba ni ɗumame ina yaro. Gefen kwanar kuma gangare ne, duwatsu zube a ƙasa.

"Yanzu," in ji matar, numfashinta a wuyana, sanyi ƙalau.

Na sauke akwatin ƙasa. Ba don Lauwali ba, Allah ya sani.

Babur ya wuce. Ko waiwayowa ba su yi ba.

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuya, ta sa dogon farce ta tsayar da madubi ɗaya, ta lanƙwasa shi a hankali, yadda ni kaina nake saita shi.

Na rufe ido gam. Yatsu biyu masu sanyi suka buɗe na hagu.

Ja.

Sai na ji wani ɗan sauti a cikin kaina, kamar ɗigon ruwa a kan tanda.

"Tsakanina da kai magana ta ƙare," in ji ta.

A lokacin addu'a ta dawo bakina. Na ƙwala a'uziyya, na banka cikin gero, na bar akwati da takalmi ɗaya a wurin. Yadda na tada babur da yadda na iso Kazaure ban sani ba. Dela ta ce a zaure ta tsince ni, ina dafe da fuska ina kiran sunan Allah.

Likita ya ce cikin idon ya ƙone, ba abin da za a yi. Na koyi aiki da ido ɗaya, ko da yake ƙananan wayoyi yanzu sai na yi ta lalube. Lauwali ya zo jaje da lemo a leda, ya ce, "Sannu Injiniya, ai na faɗa maka wasan nan ba na lafiya ba ne." Na dube shi da idon da ya rage. Har yau bai san komai ba, kuma akwai ranakun da nake cizon yatsa.

Idon hagu ba ya ganin komai da rana. Amma ana kiran sallar magariba sai ya buɗe, ya riƙa nuna mini abin da ba ya gabana. Na daɗe kafin na gane cewa idon nawa yanzu a fuskar yarinyar yake, abin da take kallo nake gani. Uwar ce ta ce magana ta ƙare. Ita 'yar ba ta ce komai ba.

Da farko duhun tsagar dutse nake gani. Bayan sati biyu na ga kwalta tana tafiya a ƙarƙashin ƙananan ƙafafu. Sai fitilun bakin gari. Sai kan layinmu, da mai ƙosan da ke gindin falwaya.

Shekaranjiya na ga ƙofar shagona daga waje.

Jiya na ga ƙeyata.