Masassaƙin da Ya Kankare Tsagarsa

Ku dai ba kwa gajiya da tambaya! To, ku natsu.

A wani gari an yi wani masassaƙi mai ƙera jitar lantarki. Duk wadda ya gama, sai ya yi mata tsaga uku a wuya, irin ta kumatunsa, don a san aikinsa.

Ran nan wani ɗan kasuwa ya zo, ya zaɓi jita ɗaya, yana magana yana waige-waige. Ya ce, "Malam, kankare tsagar nan, ka manna wannan tambarin ƙasar waje. Zan ninka maka kuɗinka."

Masassaƙi ya dubi tambari, ya dubi mutumin. Hankalinsa bai kwanta ba, amma ya kankare.

Bayan wata biyu ya je biki, ya tarar makaɗi yana kaɗa jitar nan, mutane suna cewa, "Kai, aikin waje daban ne!"

Masassaƙi ya matso ya ce, "Ni na ƙera ta."

Makaɗi ya harare shi. "Kai? Gonata na sayar na saye ta. Baba, ina shaidarka?"

Masassaƙi ya shafa wuyan jita, ya sake shafawa. Sumul! Jama'a suka kwashe da dariya, shi kuwa ya tsaya yana shafa kumatunsa.

To, ku tashi ku kwanta. Kada in ji ko tari.