Wayar da Ba a Auna Ba

Ƙarfe tara na safiyar Lahadi aka kira Sufeto Pavlik, cewa wuta ta tashi a kamfanin ƙanƙara na Tolliver da ke bakin tashar jiragen kamun kifi ta San Francisco, kuma an fito da gawa. Ya bar kofinsa bai ko kurɓa ba.

Gawar ta mai kamfanin ce, Warren Tolliver. Kowa a tashar ya san duk Lahadi yakan zauna shi kaɗai a ɗan ofishinsa da ke saman ɗakin injuna, ofis mai matakala ɗaya tal. Hayaƙi ne ya turnuƙe shi a can. Pavlik ya duba hagu da dama bai ga mai hawaye ba, masunta na ta sauke kwandunan ƙaguwa abinsu.

Wutar ta faro ne daga akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin matakalar, mahaɗar manyan wayoyin da ke kai wuta ga injunan sanyi uku. 'Yan kwana-kwana sun ciro guntun waya kamu huɗu. Gefe ɗaya bai ƙone ba, an buga 500 ɓaro-ɓaro a jikin robarsa.

Kafin azahar an tsare Ignacio Barragan, tsohon mai gyaran wuta da ya sa wayoyin wata biyu da suka wuce. Manyan 'yan sanda sun riga sun gama shari'arsu: sakaci ne, a kai shi kotu ranar Talata. Haka ake yi kullum, mai hannu da baƙin mai shi ke kwana a ciki.

"Kun taɓa samun saɓani da marigayin?" in ji Pavlik.

"Ko sau ɗaya."

"Mutum uku sun ji ka ce sai ka ga bayansa."

"To, na faɗa. Wa bai faɗa ba a tashar nan? Amma aikina ba ya cin wuta, Sufeto. Kawo wayar in gani."

Pavlik ya ajiye guntun a kan tebur. Tsohon ya ƙirga silin tagulla, talatin da bakwai cif, yadda ya kamata. Duk da haka ya yamutsa fuska, ya ce a ɗauko masa ɗan ma'aunin kauri daga jakarsa. Ya kama sili ɗaya ya murɗa a hankali.

Ya yi wa Sufeto bayani kamar mai koyar da ɗan firamare. Inci ɗaya a raba shi dubu, kashi ɗaya shi ne mil. Ka auna kaurin sili, ka ninka lambar da kanta, ka sami faɗin bakinsa, abin da suke kira mil mai da'ira. Ka haɗa na silin duka ka sami lambar wayar, 500 ɗin da ke jikin robar kuwa dubu ɗari biyar take nufi. Waya mai dubu ɗari biyar, kowane sili mil ɗari da sha shida ne. Wannan kuwa tamanin da biyu.

"In ka ninka ka haɗa, rabi ke nan. Dubu ɗari biyu da hamsin ce aka lulluɓe da roba mai kauri, aka buga mata lambar ƙarya. Ka ɗora mata injuna uku, za ta yi ta zafi har ta kama, makatsin wuta kuma ba zai faɗi ba, don an saita shi ne da babbar waya. Wani ya yanke tawa ya dasa wannan."

Sai ya ajiye ma'aunin. Ya ce sau ɗaya ya taɓa jin irinta. Shekara sha tara da suka wuce wani gidan wanki ya ƙone da mutum biyu, aka ɗaure mai gyaran wutar, Emmett Rusk. Duk masu sana'ar sun san yadda ya yi ta roƙon kotu a auna wayar, alƙali ya ce abin da aka rubuta a jikinta ya wadatar. A gidan yari ya mutu.

Ranar Litinin Pavlik ya sa aka tono masa tsohon fayil. Ɗan kwangilar da ya kawo wayar, ya kuma rantse lafiyarta ƙalau, Warren Tolliver ne. Rusk ya bar 'ya ɗaya mai shekara sha huɗu. Pavlik ya daɗe yana kallon sunanta, ransa a ɓace, don ya gan shi jiya a jerin ma'aikatan kamfanin, da sunan miji a bayansa.

Odessa Lindqvist ce 'yar, ita ce mai kula da ɗakin ajiya, shekara shida ke nan. Ya same ta tana jera kwalaye kamar babu abin da ya faru.

"Madam, wa ke riƙe da makullin akwatin nan?"

"Yana rataye a nan, kowa na iya ɗauka."

"Kin taɓa buɗe shi?"

"Ni da ko ƙwan fitila ban iya canzawa ba?"

"Gobe za a kai Barragan kotu. An ce bai ɗaure mahaɗar da kyau ba. Shekara takwas aƙalla, kuma kin ga shekarunsa."

Ta ajiye kwalin da ƙarfi.

"Wace mahaɗa? Ku dai ba kwa aunawa! Ko jaki ya san dubu ɗari biyu da hamsin ba ta ɗaukar injuna uku."

"Ɗari biyar aka rubuta a jikinta, Madam. Ni da Barragan kaɗai muka san ɗaya lambar."

Ta dube shi, babu tsoro a idonta ko kaɗan. Ta jawo aljihun tebur, ta fito da ɗan ma'aunin kauri da ya sha hannu, an zana E. RUSK a jikinsa.

Ba ta ba shi wahala ba. Ta ce ragowar wayar gidan wankin ce ubanta ya ɓoye a gareji, ya bar mata wasiyya kada ta yar. Tun tana shekara tara ya koya mata haɗa waya. Ta kai guntun wurin lauyoyi huɗu, kowa ya karanta robar ya mayar mata. Ranar Asabar da rana, da aka kashe injuna don wanki, ta dasa shi. Da safe ta kunna duka ukun, ta tafi coci.

"Shekara shida ina gaishe da Tolliver kullum, ko sunan babana bai tuna ba. Ya rantse da Littafi Mai Tsarki cewa wayar nan za ta ɗauki kowane nauyi. Na ba shi dama ya gwada."

"Barragan fa? Me ya yi miki?"

A nan ne kawai ta sunkuyar da kai. Ta ce ta ɗauka wannan karon wani zai auna tun ranar farko, a san ba aikinsa ba ne.

Pavlik ya so ya tsane ta, abin ya ƙi. Mutum ya mutu, wani tsoho ya kwana a bayan kanta, amma shi ma ya san da ba don tsohon ya nemi jakarsa ba, da robar zai karanta ya rufe fayil. Ya fito da ankwa, ta miƙo hannu da kanta.

A bakin mota ta tsaya, ta nuna ma'aunin da ke cikin ledar shaida a hannunsa.

"Wayar za ta shiga kotu, Sufeto?"

"Ita ce babbar shaida a kanki."

"To, ka tabbata an auna ta a gaban alƙali, da wannan. A faɗi lambar da ƙarfi, a rubuta ta kusa da sunan babana."

Ya buɗe mata ƙofa ta shiga. Kafin ya tayar da mota ya kira ofis, ya ce a saki Barragan, a kuma bar fayil ɗin Rusk a kan teburinsa.