Majanyin Dada a Kan Darbejiya

"Adda, zaren ya tsinke... ya tafi!"

Ƙanwata Ummi ce ta faɗa tana nuna sama. Na ɗaga kai ina dariya, a zatona wani jirgin ledar ne iska ta sake ƙwacewa, abin da ba ya wuce kuka kaɗan a ɗaura sabo. Sai idona ya sauka a kan wutsiyarsa.

Na daina dariya.

Saƙi ne baƙi da fari, mai jan zare a gefe, ya koɗe don tsufa. Ko a cikin duhu aka miƙo mini shi zan gane shi da ƙamshinsa.

"Talha, ina kuka samo wannan?"

Ƙanena ya dube ni da mamaki, ya ce ai ni na ce su shiga ƙarƙashin gadona su zaɓi tsumma mai tsawo a cikin buhu. Sun zaɓi wanda ya fi kowanne tsawo.

Gaskiya ya faɗa. Ni na koya musu, su da yaran unguwarmu, yadda ake gicciya tsinken tsintsiya biyu a ɗaure, a shimfiɗa leda a kai, a sa wutsiya mai ɗan nauyi don kada jirgin ya yi ta juyi. Tun da na gama jami'a a Gadau na dawo Azare, ba ni da wata ƙawar fita sai yara. A gaban manya harshena yana mutuwa. A gaban yara kuwa har gudu nake yi. Ƙarshen bazara ne, kullum da yamma hadari yana haɗowa daga gabas ya turo iska ya fasa zubowa, mu kuma mu kwashi leda mu nufi filin makaranta.

Abin da ke shawagi a saman garin nan majanyi ne. Da shi Hajiya Dijatu, wadda 'ya'yanta suke kira Dada, ta goyi Najmuddeen, saurayin da zan aura.

Najmuddeen ɗan farinta ne, ita kuma Bafulatana ce ta asali. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", idan ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Ya taɓa gaya mini cewa yana yaro ya daɗe yana zaton ba ita ta haife shi ba. Da maganar aurenmu ta taso danginsa suka rabu biyu, wasu suna son ya auri Asma'u 'yar gwaggonsa. Kowa ya jira bakin Hajiya, ba ta ce komai ba. Ranar da aka kai ni gaishe ta, da zan fita ta cusa mini wani ƙunshi a cikin mayafi ba tare da ta kalle ni ba. Da na nuna wa Najmuddeen sai ya ce bai san ta ajiye shi ba duk shekarun nan. Ya juya mini baya yana goge ido.

Wannan majanyin shi ne amincewarta. Da shi aka tsayar cewa iyayensa maza za su zo gidanmu gobe a sa rana.

Ni kuma kunya ta hana ni sa shi a akwati, inda Inna ko yayyena za su gani su tsokane ni. Sai na ɓoye shi a inda na tabbata ba mai dubawa.

Na kwasa da gudu, yara na bina a baya suna ihun murna, su a ganinsu wasa ne ya yi daɗi. Jirgin ya tsallake katangar makaranta, ya bi ta saman masu sayar da rake, ya yi ƙasa kamar zai faɗi, iska ta sake ɗaga shi. Ina gudu ina roƙon Allah ya kai shi Chinade, ya kai shi Misau, ya kai shi ko'ina.

Ya je ya maƙale a ƙololuwar darbejiyar da ke ƙofar gidansu Najmuddeen.

Na laɓe a bayan wani kanti ina haki. Majanyin ya nannaɗe a reshe, rabinsa yana kaɗawa kamar tuta. Mata suka fara leƙowa. Wata tsohuwa ta sa hannu a goshi ta ƙura ido, ta ce wannan ai saƙin Dijatu ne, ta san shi tun yana sabo. Sai ga Asma'u ta fito, ta kalli sama, ta kalli yaran da suka taru da ƙananan jiragensu a hannu, ta gane ƙannena. Ba ta ɗaga murya sosai ba, sai daidai yadda na cikin gida za su ji. Ta ce dama 'yar boko me za ta yi da tsumman ƙauye, gara da ta ba yara su yi wasa.

Na ga Hajiya ta leƙo daga zaure. Kallo ɗaya ta yi wa saman bishiyar ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki.

Ban san yadda na kai gida ba. Kafin la'asar ta yi sanyi saƙo ya iso wa Baba cewa baƙin gobe ba za su samu zuwa ba, kuma ba a ce sai yaushe ba. Inna ta tsare ni a ɗaki tana tambaya, na kasa haɗa kalma biyu. Talha ya raɓe a bakin ƙofa yana jiran duka. Na jawo shi na ce ba laifinsa ba ne.

Wayata ta yi ƙara. Najmuddeen ne, daga Chinade inda yake aikin duba dabbobi. Ina jin kukan mashin da iska a bayan muryarsa.

"Bara'atu, ki gaya mini ba gaskiya ba ne."

"Gaskiya ne..."

"Ke kika ba su?"

Na buɗe baki, kuka ya riga magana fita.

"Sahibata, abu ɗaya tak ta taɓa ba ni a duniya, kuma ta hannunki ta ba ni shi." Muryarsa ta karye. "Ina hanya."

Ya kashe. Na zauna da wayar a hannu ina jin iska tana buga langa-langar rufinmu. Idan ruwan nan ya sauko yau, ruwan farko mai zuwa da guguwa, saƙin da ya tsufa haka ba zai kai safe ba. Idan ya yage ya bi gari, babu abin da zan mayar mata, babu kuma bakin da zan yi bayani da shi.

Na ɗauki mayafi. Inna ta tambayi ina za ni, da na faɗa mata ta riƙe haɓa, ta ce budurwa ba ta kai kanta gidan surukai. Na ce na sani. Ummi ta kama hannuna muka fita.

Hajiya tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ta juya wa ƙofa baya. Asma'u na gefenta tana tsince shinkafa. Na durƙusa nesa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Asma'u ta tambaya ko na zo karɓar ledata ce.

Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Na kalli ƙasa. Na ji Ummi ta matse mini yatsa.

"Hajiya, ban ba su ba. Ɓoye shi na yi."

Na ci gaba ina kallon ƙasa.

"A buhun tsumma na sa shi, don kada kowa ya gani ya gane yadda... yadda nake ji. Idan ba kowa a ɗakin nakan fito da shi in sansana in mayar. Ban san wata hanyar riƙe abin da nake so ba sai ɓoyewa."

Bayanta ya ɗan motsa. Ta yi magana tana kallon bango.

"Ni ma ɓoye shi na yi. Tun kafin a haife ki. Yau duk Azare ta san na ajiye."

A nan na gane. Ba raini ne ya fi yi mata ciwo ba. Abin da ta rufe tsawon rayuwarta ne na rataye mata a ƙofar gida.

Sai hayaniya ta tashi a waje. Yara suna kiran a zo a gani. Muka fita, har da Hajiya, ta tsaya a bakin zaure. Mashin ɗin Najmuddeen yana yashe a ƙasa, takalmansa a gindin bishiya, shi kuma ya riga ya wuce rabinta. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska tana lanƙwasa darbejiyar tana sakinta, maza suna ce masa ya sauko reshen darbejiya ba shi da amana, bai ko waiwayo ba. Ya taka wani reshe ya karye ya faɗo a gabanmu. Ya rataye da hannu, ya sake samun wurin taka ƙafa, ya ci gaba da hawa.

Wani abu ya damƙi wuyan hannuna. Hajiya ce. Faratanta sun shige fatata, leɓunanta suna motsi, suna haɗa harafin farko suna saki.

"Kira shi," ta ce a hankali. "Ni ba zan iya ba."

Ni ma ban taɓa ba. Tun da muka haɗu ban taɓa furta sunansa a gabansa ba, balle a gaban mutane. "Malam" nake cewa, ko in yi shiru har ya juyo. Ga unguwa guda a tsaye, ga kawunnansa, ga Asma'u.

Reshen da ke ƙarƙashinsa ya yi ƙara.

"Najmuddeen!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Har yaran suka yi tsit. Ya tsaya cak ya leƙo ƙasa.

"Ka sauko. Dada ta ce ka sauko."

Ya kalle ni, ya kalli hannun da ke riƙe da nawa. Ya daɗe yana kallon hannun nan. Sannan ya fara saukowa a hankali, reshe bayan reshe, ya bar majanyin a sama.

Yaran ne suka sauko da majanyin. Ummi ta ce ai haka suke yi kullum idan jirgi ya maƙale. Suka ɗaura dutse a bakin zare, Talha ya wurga ya tsallake reshen, suka haɗu suka ja suna girgizawa, iska ta ƙarasa sauran. Ya faɗo a kan kwata daidai lokacin da ɗigon farko ya sauka, gefensa ɗaya ya yage. Na ɗauka da hannu biyu na durƙusa na miƙa mata.

Ba ta karɓa ba. Ta ce ita ba ta karɓar abin da ta bayar. Ta ce in shigo kada ruwa ya dake ni, Asma'u ta kawo allura da baƙin zare. Asma'u ta kawo ba tare da ta kalli kowa ba.

Muka zauna a rumfa ruwa yana zuba, ta riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya ina ɗinkewa. Najmuddeen yana zaure a jiƙe, ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Ta ce wa wani jikanta ya je gidanmu ya gaya wa Baba baƙin gobe suna nan a kan bakansu. Sannan ta ƙara, tana kallon ɗinkin, cewa a ce wa wancan ya canza riga.

Bayan sallah babba aka ɗaura aurenmu. Majanyin yana cikin akwatina yanzu, a sama, inda duk wanda ya buɗe zai gani. Har yau Dada ba ta kira sunansa ba. Idan tana son sa sai ta aiko a kira ni, ta kalli bango ta ce, "Ke mai murya, kira mini shi."