Amalanken da Ya Daina Kuka

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, akwai wani dattijo a Kafanchan mai suna Meshak, wanda ya yi aikin gyaran ƙarfe a reluwe har ƙarfinsa ya fara ja baya ya ajiye. Ya koma noman lambu a bakin rafin da ke bayan gari, a gida kuma yana taɓa gyaran baro da injin yanke ciyawar makarantar mishan. Yana da amalanke mai taya biyu, ya tura shi lambu da sassafe, ya dawo da shi da yamma ɗauke da tumatir da alayyafo. Boris ɗin tayoyin, wato zoben ƙarfe mai ƙwayoyi da taya ke juyawa a kansa, ya daɗe da cinyewa. Tun daga gangaren rafi ake jin kukansa, ƙiii, ƙiii, har matarsa Emilia kan ɗora ruwan wanka da zarar ta jiyo shi.

Wata yammar Asabar a ƙarshen damina ya kifa amalanken a tsakar gida, ya kwance tayoyin. Ya buge tsohon boris da guduma, ƙwayoyin suka zubo duk sun lalace da tsatsa, ya tattara ya watsa su a masai. Ya wanke gurbin da kananzir, ya cika sabon boris da giris, ya ɗora guntun katako a kai yana bugawa a hankali har ya zauna daidai. 'Yarsa ta fari, Paulina, wadda ke shirin tafiya makarantar horon malamai a Zonkwa, tana gefe tana tsince shinkafa.

Ya mayar da taya, ya kaɗa ta da hannu. Ta yi ta juyawa, ba ƙara ko kaɗan.

Sai a lokacin suka lura kwaɗin bayan gida ma sun yi shiru. Kaji sun taru a bakin akurki sun ƙi shiga. Can sai dutse ya faɗo a kan kwano, ya gangaro a hankali, ya tsaya kusa da ƙafar Meshak. A jiƙe yake, irin na cikin rafi, har da gansakuka.

"Yaran unguwa ne," in ji shi. Amma bai fita ya duba ba.

Daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana ta yi ja sai jifa ta fara. In ta lafa, sai a ji tafin hannu yana shafa bango ta waje, yana bi a hankali har kusurwa, ya dawo. Tukwane su kife kamar an yi tuntuɓe da su. Wani lokaci a ji muryar tsohuwa a bayan danga tana kwaikwayon kukan amalanke, ƙiii, ƙiii, sai ta yi shiru kamar mai jiran amsa.

Meshak dattijo ne a majami'a. Ya kira 'yan'uwansa dattawa da matan zumunta, suka yi addu'a da waƙoƙi a tsakar gidan. Jifa ta tsaya har suka ce amin, suna fita ta ci gaba. Emilia ta kwashe ƙananan yara ta kai su wurin yayarta a Godogodo. Ita kanta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share inda ta share, ta leƙa ƙofa, ta dawo ta sake leƙawa.

Wata yamma Paulina ta zaga bayan ɗaki kwaso shanya. Ta daɗe. Da ta fito, ba kaya a hannunta. Ta miƙa hannuwa gaba tana lalube, idanunta a buɗe amma ba su tsaya kan kowa ba. Uwar ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Ta kama bango ta shiga zagaya gidan, kanta a karkace kamar mai sauraron abu daga nesa. Haka ta wuni washegari, haka ta sake wuni, har tafin ƙafarta ya tsage. In an zaunar da ita sai ta miƙe. A asibiti an haska idanun, aka ce lafiyarsu ƙalau.

"Baban Paulina, zan je wurin Malam Nuru," in ji Emilia.

Malam Nuru tsoho ne mai karatu, danginsa na cin kasuwar garin tun kafin zuwan jirgin ƙasa, kuma an san shi da aikin masu iska. Meshak ya sunkuyar da kai.

"Me ikilisiya za ta ce?"

"Ikilisiya ce ta haife ta? Dubi ƙafarta."

Bai hana ta ba.

Malam Nuru ya zo bayan la'asar, rana ta fara sanyi. Ya gaishe da maigidan da mutunci, ya sa aka shimfiɗa tabarma, mata biyu suka riƙe Paulina. Ya zuba turare a garwashi, ya kama ƙaramin yatsanta, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, bayanta ya ranƙwafa, bakinta ya motse kamar na marar haƙori. Muryar da ta fito ta tsufa ƙwarai.

"Sassauta, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Ta bakin rafi ce. A kogon dutse nake, ƙasa da lambun mutumin nan."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ba na gani. Idona ya mutu tun da daɗewa. Kukan amalankensa nake bi. Da yamma in biyo shi gari in sha ɗumin murhu, da safe in bi shi in koma. Ban taɓa cin ko ganyensa ba. Ranar nan na biyo shi, ina bayan danga, sai na ji ya kashe kukan." Muryar ta karye. "Na yi jifa ko a gane, na yi kira. Na shiga yarinyar in ari idonta, sai makantata ta biyo ni."

Emilia ta toshe baki da zane.

"Za ki fita," in ji Malam Nuru.

"A mayar mini da kukan."

"Na zuba shi a masai," Meshak ya faɗa da ƙyar. "Ba ya ɗaukuwa."

"To na zauna. Jikin nan da ɗumi."

Malam Nuru ya matse yatsan, ya ɗaga murya da karatu. Paulina ta yi ƙara, ta sandare, matan suka kusa sakin ta.

"Ko ka ƙona ni, in fita in nufi ina?" muryar ta ce tana haki. "Wadda na fara cin karo da ita zan kama."

Tsohon ya tsagaita. Ya dubi rana, ta kusa taɓa kan itatuwa. Ya juya ga Meshak.

"Maigida, wannan fanninka ne. Ana iya sa sabon boris kuka?"

Meshak ya miƙe. Ya jawo amalanken ya kifa, ya zare tayoyin, ya wanke giris ɗin tas da kananzir. Ya ɗebi yashi ya ɗura a ciki, ya ɗaga guduma ya doki boris ɗin har ya lanƙwashe. Da ya mayar ya kaɗa, tayar ta yi wata ƙara mai tsaga kunne. Nan take kan Paulina ya juyo wajen.

"Za a kai ki," in ji Malam Nuru. "Amma ki yi alkawari da wanda ya halicce ki, ba ke ba gidan nan, ba ke ba garin nan."

"Na yi. Sai dai a bar mini amalanken a can."

Malam ya dubi Meshak.

"Ta ɗauka," in ji Meshak.

Haka suka fita, Meshak na turawa, Paulina na bin sa a baya ba mai riƙe da ita, uwar da malam na biye. Maƙwabta suka tsaya a ƙofofinsu suna kallo. Amalanken ba kaya, amma Meshak na jin nauyinsa har kafaɗa. Suka wuce layin dogo, suka bi ta gonakin citta, suka gangara. Haske na ƙarewa lokacin da tayoyin suka taɓa yashin rafi.

Paulina ta tsaya. Ta shaƙi iska, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube. Can ƙasa, wajen duwatsu, ruwa ya motsa sau ɗaya.

Emilia ta rungume ta tana kiran sunan Ubangiji. Yarinyar ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, kallo na sosai.

"Baba, me muke yi a lambu? Ƙafata na ciwo."

Meshak ya durƙusa ya goya ta, duk girmanta, ya hau gangaren da ita. Malam Nuru ya tsaya a baya ya yi sallarsa a kan yashi.

Da gari ya waye Meshak ya koma shi kaɗai. Amalanken ba ya nan. A tsallaken rafin ya hango sawun taya biyu a kan danshin yashi, sun fito daga ruwa sun nufi cikin duwatsu, inda ba hanya. Ya tuɓe takalmi ya haye. Ya daɗe a sunkuye yana duba tsakanin sawun biyu, inda ya kamata a ga ƙafar mai turawa. Yashin a shafe yake.